Rabin Kan Dogo

Litinin, 3 ga Maris
Sun ɗauke wuta ina tsakiyar aske kan Dogo direba. Ɓarin dama na gama, hagu ko taɓawa ban yi ba. Shekara talatin da ɗaya ina riƙe da kan nan. Tabon ƙeyarsa ma na san ranar da ƙofar mota ta yi masa shi. Muka zauna jira. Ya ce, "Tsoho, haka zan ɗauki fasinja, rabi mutum rabi tunkiya?" Na ce wutar Litinin ba ta wuce ƙarfe biyu, na san halinta. Ta wuce. Ya kifa hula ya fita.

Laraba, 5 ga Maris
Autata ta kawo kilifa mai caji a kwali. "Baba, gwadawa kawai za ka yi." Na ce abin da ba waya a jikinsa ina zai sami ƙarfin cin gashi? Ni da na koyi karatu a jikin allunan shaguna, ba malami ba aji, yau ni za a koya wa aski. Ta saka a aljihun tebur ta fita tana dariya. Halin uwarta sak.

Alhamis, 6 ga Maris
Babu wuta. Ko ƙyaftawa.

Asabar, 8 ga Maris
Na ciro kilifar hannu ta marigayi maigidana, na ɗiga mata mai, na gwada a kan tela maƙwabcina. Har da hawaye. Wai, "Aski kake ko figar kaza?" Ba laifin kilifar ba ne. Gashin mutanen yanzu ne ba shi da kirki.

Talata, 11 ga Maris
Da idona na ga Dogo ya fito daga sabon shagon tsallake, masu sola a rufi. Kai fes, amma ga filasta a ƙeya, sun yanke tabon. Ya yi kamar yana duba taya don kada mu haɗa ido. In ya koma can bencina ya mutu, don hirarsa ce ke tara sauran tsofaffin.

Talata, 25 ga Maris
Ya dawo, ba sallamar kirki. "Saboda tabon nan ne kawai." Na fara, ina rabi, wuta ɗif! Ya yunƙura zai tashi, na danne kafaɗarsa, na jawo aljihun tebur. Kilifar Auta da caji a cikinta. Shekaranjiya da wuta ta leƙo na ɗan jona ta, don kada ta lalace a banza.
Ya kalle ni ta madubi. "Ashe kai ma, Tsoho?"
"Sunkuyar da kai."
Ba ta kai mai waya ba. Ta dai bi gefen tabon lafiya.
Kwalin na mayar daidai yadda Auta ta ajiye shi.