Baƙin Fenti a Kan Tsaga

Litinin, 3 ga Maris

Yau suka ba mu baburan. Mu biyar aka zaɓa daga tasharmu, cikin 'yan haya fiye da sittin. Kamfanin daga wata ƙasa mai nisa yake, bai taɓa sayar da ko taya ɗaya a nan ba, shi ya sa yake so mu gwada masa na wata biyu kafin ya buɗe shago. Injiniyarsu mace ce, gajeriya, ba ta rabuwa da 'yar tocila ko da rana tsaka. Ta bakin tafinta ta ce mu hau yadda muka saba, duk Asabar mu cike takarda mu faɗi abin da ya lalace. Sai manaja ya ƙara da cewa in an gama, ɗayanmu zai samu aiki a shagon. Inuwa, kujera, fanka. Shekara goma sha tara ina kan titi, bayana ya gaji da ni. Ina son aikin nan har ina jin kunyar yadda nake son sa.

Alhamis, 6 ga Maris

Mutum ɗaya nake ɗauka, shi ma sai na duba ƙibarsa. Wata mai buhu biyu ta tsayar da ni, na yi kamar ban gan ta ba. Rami kuwa kewaye shi nake kamar mai ɗauke da ƙwai. Matata ta ce ita ma ban taɓa lallaɓa ta haka ba. To, kayan mutane ne. Wa zai ɗauki wanda ya lalata masa kaya aiki?

Asabar, 15 ga Maris

Takarda ta biyu. Birki lafiya, inji lafiya, kujera lafiya. Injiniya ta haska tayata, ta dube ni. Kallon bai yi mini daɗi ba.

Laraba, 26 ga Maris

Na yi ɓarna. Mai shagon kayan gini, wanda nake wa dako shekara goma, ya ce in kai masa siminti buhu uku. Na rasa bakin cewa a'a. Buhu uku fa, abin da tsohon baburina yake ɗauka kullum ko tari ba ya yi. A hanyar bayan kasuwa na ji ƙas. Na sauke kayan, na ɗaga kujera, sai ga tsaga a ƙarfen da ke riƙe da mazaunin baya, tsawon ɗan yatsa.

Na tura shi har wurin wani mai walda a can ƙarshen gari, inda ba a san ni ba. Ya liƙe, ya goge, ya shafa baƙin fenti. Ko mai tocila ba za ta gane ba, in ji shi. Ban tambaye shi inda ya san mai tocila ba, sai da na dawo gida abin ya faɗo mini.

Talata, 1 ga Afrilu

Mijin ƙanwata ya zo da fara'arsa. Ya sayar da baburinsa, ya sa sunansa a jerin waɗanda za su fara sayen sabon. "Yaya, tunda kai ka hau ka ce ba matsala, ni me zan tsaya jira?" Na ce ya ɗan dakata mana. Ya ce ko baƙin ciki nake yi kar ya kamo ni. Muka yi dariya.

Yara uku yake kaiwa makaranta kowace safiya. Babbar ce take zama can baya, da jakarta. Daidai kan ƙarfen.

Juma'a, 4 ga Afrilu

Gobe takarda. Ban san me zan rubuta ba. Na sani.

Asabar, 5 ga Afrilu

Na rubuta lafiya.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Na koma wurin mai walda in ji ko liƙin zai riƙe. Ya ce zai riƙe mutum ɗaya mai tsoron Allah. Sannan ya ce, "Kai ne na huɗu fa. Duk wuri ɗaya." Ya ce na Dogo ma, abokina na tasha, ba tsaga ba ce, karyewa ya yi da fasinja a kai, Allah ya sa a hankali yake tafiya. Ya nuna mini guntayen ƙarfen da ya yanko daga kowane babur a cikin wani tsohon gwangwani.

Dogo! Shi da kullum yake cika baki a tasha cewa nasa ko ƙusa bai saki ba. Ashe kowa ya ɓuya da nasa, kowa yana hangen kujerar nan.

Talata, 15 ga Afrilu

Matata ta ce in ba zan ci abincin ba in daina juya shi. Na gaya mata komai. Ta ce, "Ranar da yarinyar nan ta faɗi, da wane ido za ka kalli ƙanwarka?" Na ce ai wataƙila ba za ta faɗi ba. Ta ɗauke kwanon.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Na je ofishinsu da wuƙar aljihu, na kankare fentin a gabansu. Garin haka har na yanke yatsa. Nawa kaɗai na faɗa, ban ambaci kowa ba. Injiniya ta durƙusa ta daɗe tana haskawa, ta tambayi buhu nawa, wace hanya. Manaja kuwa fuskarsa ta canza. Tafinta ya sassauta mini maganar, amma na gane: babur ɗaya cikin biyar, kuma ni na yi masa lodi. Sauran huɗun takardunsu fes. Ranar buɗe shago tana nan yadda take.

Wato na zubar da aikin a banza. Na tona kaina, kuma babu abin da ya gyaru. Sun riƙe babur ɗin, na yi tafiya a ƙasa har gida, ban ma lura da nisan ba.

Asabar, 19 ga Afrilu

Na samu Dogo a gefe na ce mu je tare mu faɗa. Ya ce, "Kai ka ga dama ka yanka kanka, mu dai ka bar mu." Yana da 'ya'ya shida, ban ga laifinsa sosai ba. Shekara goma sha ɗaya muna benci ɗaya. Lokacin da na karye a ƙafa, shi ya riƙa kai matata kasuwa.

Litinin, 21 ga Afrilu

Na ɗauko tsohon baburina, na tsaya ƙofar ofis har Injiniya ta fito. Ba tafinta. Na nuna mata kujerar baya, ta dube ni, ta hau. Duk hanyar zuwa wurin mai walda ina fatan taya ta fashe.

Mai walda ya zazzage gwangwanin a ƙasa. Ta jera guntayen, ta ɗaga yatsu huɗu tana kallona. Na gyaɗa kai. Ban faɗi sunan kowa ba, amma me ya rage? Lambar kowane babur tana hannunta.

Laraba, 30 ga Afrilu

Sun kwashe baburan duka. An ɗage buɗe shago, wai sai an canza ƙarfen, ba wanda ya san yaushe. Maganar aiki ba a sake ta ba. A tasha in na zo sai benci ya cika. Dogo yana amsa gaisuwata yana kallon titi. Mijin ƙanwata ba shi da abin hawa yanzu, ya yi wa matata gatse wai lallai ni na iya taimako.

Ni nake kai yaransa makaranta kafin in fara haya. Yau babbar ta ce, "Kawu, ka cika tafiya a hankali, za mu makara." Ta ƙara matsawa baya ta gyara jakarta, ban ce ta matso ba. Na ƙara wuta. Bayana yana ciwo kamar kullum. Gobe zan riga kowa zuwa tasha in zauna a tsakiyar bencin, in ga wanda zai ce in tashi.