Daƙiƙa Bakwai da Ba Nawa Ba

Zuwa ga ƙanwata Bodil,

Gaisuwa mai yawa daga Viborg, da fatan ke da Henning da yara kuna lafiya a can Kanada. Allah ya sa gwiwar nan ta bar ki ki huta. Mu nan ƙalau. Matata Jytte ta koma aiki, ruwan sama kuwa dama bai taɓa ɗaukar hutu ba.

Bayan haka, ina sanar da dangi na kusa da na nesa cewa ranar Asabar ta farkon watan nan, wayata ta shaida cewa ni Mogens, malamin tarihi mai shekara hamsin da shida, na zagaye filin tseren mota cikin minti ɗaya da daƙiƙa goma sha tara.

Kin san ranakun da ƙungiyarmu ta masu motoci take hayar filin, kowa ya zo da motar gidansa ya sha gudu, ba gasa ba kyauta. Shekara tara ina shaƙar hayaƙin Yaya Preben. Bana sai na sa wata manhaja a waya, mai auna kowane zagaye, ta nuna maka inda ka taka birki. Tun safe minti ɗaya da daƙiƙa ashirin da shida take ba ni. Da yamma na buɗe, sai ga sha tara, alhali Yaya bai taɓa yin ƙasa da ashirin ba. Na kai masa wayar har hanci a gaban jama'a. Ya duba, ya ce to Farfesa, ashe littafi ma yana gudu. Ya naɗe burodinsa bai ci ba, ya tafi gida.

Sai dai ni kaina ban gane ba. Manhajar ta ce a kwanar ƙarshe ban taɓa birki ba sai a allon da ke nuna saura mita hamsin, ni da nake fara addu'a tun daga allon ɗari da hamsin. Kwana huɗu ina zura wa layukan ja da kore ido. Na ce ko tauraron ɗan'adam ne ya ruɗe. Na ce ko suma na yi, ƙafata ta ci gaba da aiki ita kaɗai. Har wasiƙa mai shafi biyu na rubuta wa masu manhajar, na ce kayansu na da aljanu.

Ana cikin haka Jytte ta ga motar Yaya a shafin sayar da motoci. Kin san tun rasuwar matarsa Lisbeth, filin nan ne kaɗai yake fitar da shi daga gida. Na kira shi, ya ce in har ni na wuce shi, to ko idonsa ko ƙafarsa wani ya mutu, gara ya bari tun bai kashe ɗan mutane ba. Muna gama magana na sake buɗe manhajar.

Jytte ce ta fizge wayar, ta ce malam, bar kallon zane, kalli agogo. Ƙarfe ɗaya da kwata aka yi zagayen. Ta ce ina nake a lokacin? Bodil, a motar Yaya nake, a kujerar fasinja. Ya ɗauke ni ne ya nuna mini yadda ake shiga kwana, wayar tana aljihuna ban kashe ta ba. Rabin zagayen idona a rufe yake.

Na sayi kek na nufi gidansa. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce wato sha tara ya yi, ɗauke da buhun dankali mai kilo casa'in da biyar yana kurma ihu. A gabana ya cire tallar motar. Sharaɗinsa biyu: in tsaya gaban 'yan ƙungiya in faɗa da bakina, in kuma rubuto miki kafin ki ji wani labarin daban.

Ki gaida Henning, da Signe da mijinta, da Asger in yana ɗaga waya. Jytte tana gaishe ki, har yanzu dariya take yi.

Wayar dai ba ta yi ƙarya ba. Ni ne na yi kuskure.

Yayanki,
Mogens