Wufata Ta Sake Ƙonewa, Kuma Yayan Matata Nake Zargi

Assalamu alaikum Malam Dabo. Don Allah ka taimaka mini kafin in yi abin da zan zo ina cizon yatsa.

Ni direba ne, ina jigila tsakanin Kabo da Gwarzo, amma abin da aka fi sanina da shi shi ne rakiyar amarya. Daga Durun har Gude, motata ake sawa a gaba saboda kiɗanta. Wanda ya haɗa mini kayan sautin Yaya Taufiq ne, yayan matata Sa'ada, mai gyaran wayar mota a Gwarzo. Na sayo wufa ƙatuwa, wato lasifikar da ke fitar da dukan kiɗa, an rubuta ƙarfinta wat dubu uku a kwalinta, ya haɗa ta da ƙaramar amfilifayata ta da, na'urar da ke ba ta ƙarfi. Ya ɗan yi gunaguni, ya dai haɗa.

To Malam, Yaya Taufiq yana da aboki, Mahbub, wanda shi ma ya fara rakiyar amare. Yaya Taufiq ɗin ne ya haɗa masa nasa kayan, kuma wufarsa ba ta kai tawa ba, amma in ya kunna har ƙirjinka kake jin dukan. Tawa kuwa kamar an toshe mata baki. Rannan na buɗe but ɗin motar, sai na ga an ɗiga wani jan abu a kan maɓallin murɗawa na jikin amfilifayar, an tsayar da shi bai kai ko rabi ba. Me ya kawo jan abu cikin motata? Na kankare shi da wuƙa, na yi addu'a, na murɗe maɓallin har ƙarshe, sauti ya tashi.

A bikin da ya biyo baya, muna shiga Unguwar Tudu da amarya, sai ƙauri ya cika motar, kiɗa ya mutu, Mahbub ya wuce gaba. Na koma wurin Yaya Taufiq ya sa wata wufar, ban gaya masa abin da na gani ba, ina son in gwada shi. Sai ga jan abin ya dawo. Na sake kankarewa, ita ma ta ƙone.

Na daina gaishe shi. Sa'ada tana kuka, ta ce yayanta ba mugu ba ne, amma me za ta ce dama? Na ƙudura ran Juma'a in kai ƙararsa gaban mahaifinsu, in faɗi komai har da jan abin. Raina ya ɓaci ƙwarai, ga kunyar tsohon ina ji.

Direba mai damuwa, Durun.

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa.

Kada ka je wurin surukinka ran Juma'a. Na kai wasiƙarka wurin wani tsohon mai haɗa sautin mota, tun kafin in gama karantawa ya fara dariya. Jan abin nan jan farce ne. Masu sana'ar suna ɗiga shi a kan maɓallin bayan sun daidaita shi, don su gane in wani ya taɓa. Ke nan Taufiq ya san ka murɗa tun karon farko, ya yi shiru ya sake gyara maka.

Zargi ya dace, amma kwalin ya kamata ka fara zarga. Dubu ukun nan ƙarfin da wufa ke iya ɗauka ne na ƙiftawar ido, masu kaya suna rubuta shi da manyan baƙaƙe don a saya. Lambar gaskiya ƙarama ce, an rubuta RMS a gefenta, ita ce abin da wufar ke jurewa tana aiki. Ita ake dubawa a jikin wufa da amfilifaya, a tabbatar sun yi kusa da juna. Amfilifayarka ta yi wa wufar ƙanƙanta. Maɓallin da ka murɗe ba ya ƙara mata ƙarfi, tilasta mata kawai yake yi, sai ta riƙa tura gurɓataccen sauti, wayar cikin wufa ta yi zafi ta ƙone. Kayan Mahbub sun dace da juna ne, shi ya sa suke duka.

Taufiq ma yana da nasa laifin. Ya ga kayan ba su dace ba ya tsaya gunaguni, ya ga an kankare alamarsa bai tambaye ka ba. Ina jin nauyinka yake ji a matsayin mijin ƙanwarsa, amma kawaicin nan ya jawo asara.

Ka je shagonsa da kanka, ka gaishe shi, ka ce kai ne ka murɗa. Ku zaɓi amfilifayar da ta dace tare, kuma ka bar jan farcen a inda yake. Wufa ana sake ta a yini ɗaya. Amma in ka tsaya gaban dattijo ka ce ɗansa ya yi maka asiri, Sa'ada ce za ta rayu da wannan maganar a gidajen biyu, ko da ka janye ta daga baya.

Allah Ya sanyaya zuciyarka, Ya kiyaye hanya, Ya bar zumunci.