Abincin Duna

Daren Talata, Dutsin-Ma

Yau na zama abin dariya a ɗakin malamai. Abincin karena Duna ya iso daga Kano, ɗanyen nama da aka daskarar sannan aka busar. Ina karanta bayan ledar don in tabbatar nama ne zalla, ba dusa ba, sai Malam Sani ya leƙo.

Ya ce, "Malam, mu ko ƙuli ba ka taɓa saya mana ba. Ai da ka sayo masa kilishi a bakin tasha ka huta."

Na ce albasa da gishirin kilishi cutar da kare suke yi, likitan dabbobi ma ya faɗa. Suka ƙara fashewa da dariya.

Su yi ta yi. Tun da Duna ya ci ruɓaɓɓen kayan ciki a bayan mahauta yake ƙin abinci, har haƙarƙarinsa ya fito. Shi ke korar awaki daga lambun ɗalibaina.

Bayan magariba na jiƙa masa kaɗan da ruwan ɗumi. Ya daɗe yana shinshinawa, sannan ya ci, ya lashe kwanon tas. In ya zauna masa a ciki zuwa safe, wata ledar zan sa a aiko.