Sarkin Kango Ya Aika da Sulhu

Zuwa ga Muzdalifa, sanyin idanuna, ruwan randa da tsakar rana, geron fari da ya nuna a gonakin Furfuri! Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ki yi mini haƙuri in na cika baki, don yau hulata a karkace take.

Kin tuna ranar da kika kawo wa yayanki Yahuza abinci a shagonsa na kwamfuta a Bungudu? Kin tarar yana lallasa ni a wasan nan na gina birane da yaƙi, wanda in ka yi motsinka sai ka naɗe hannu ka jira abokin karawa ya yi nasa. Na zuba komai a kan mayaƙa na bar gona, yunwa ta watsa rundunata tun ba ta hango ganuwarsa ba. Kika rufe baki da mayafi kina dariya, kika ce sai ɗan Gusau zai fita yaƙi da rumbu wayam. Wallahi na ji kunya, har na miƙe zan tafi. Sai Yahuza ya ce wanda ke gudu daga wasa don ya sha kashi, shi kam ba zai shige masa gaba wurin Baba neman ƙanwarsa ba. Cikin raha ya faɗa, amma kin san shi, ba ya magana biyu.

To ina zan gudu in bar ki? Kowace Asabar sai in hau mota daga Gusau, ya cinye ni, in koma gida. Ya ƙone birnina na fari, na biyun ma bai kai ko'ina ba, har masu zaman shago suka naɗa ni Sarkin Kango. Na shanye! Na ɗauki maganarki, na yi noma, na haƙa rijiyoyi, na cika rumbuna, na bar shi yana zagaya ganuwata har guzurinsa ya ƙare. Sannu ba ta hana zuwa.

Jiya, ya hasken raina, na kewaye birninsa na ƙarshe. Motsi ɗaya ya rage in rusa shi. Amma wa ya taɓa rusa gidan surukinsa sannan ya koma da goro? Sai na aika masa da sulhu. Ya karɓa, ya ce in gaya wa kawunnaina su shirya, shi da kansa zai kai su gaban Baba. Ina alfahari, Muzdalifa, kuma ba zan ɓoye ba!

Kewarki ce kawai rundunar da ta fi ƙarfina. Ni na yi nawa motsin, na naɗe hannu. Saura naki, ranar da Baba zai tambaye ki. Kada ki ji tsoron zan gaji, yayanki ya koya mini jira.

Naki yau, naki gobe, ko da birni ko da kango,
Abdulsamad