An Fasa Diramar Musa

Yaya Ladi, ashe Musa Bature ne?

Ki yi haƙuri, ban ma gaishe ki ba. Yaya jiki, yaya Legas? Yaya maigida da yara?

Tun da na zo Kafanchan ba wanda ya san sunana sai 'yan dirama na coci. Ni suka sa in fito a matsayin Annabi Musa, muna koyo duk Alhamis. Sandana na gwaiba ne, teku kuma zannuwan zumuntar mata, su ja gefe biyu in wuce.

Ran Lahadi Fasto ya haska mana fim ɗin Musa na Turawa a bango. Yaya, ruwa na gaske ya miƙe tsaye! Dawakin Fir'auna ba iyaka. Har ni na tafa. Da aka gama, shugabar zumunta ta ce, "Bayan wannan, wa zai kalli zanina?" Aka yi dariya, aka fasa dirama.

Yanzu in na wuce yara na cewa, "Musa, ina ruwa?" Alhamis ba ni da wurin zuwa. Sandan na bayan ƙofa, na kasa yar da shi.

Ki sa ni a addu'a, ki gaida kowa. Bari in tafi, oga na kira.

Ƙanenki,
Ayuba