Ruwa Kuka Sayar Mini a Kwalbar Wiski

Zuwa ga Manajan Kantin Diyuti-firi,
Zauren Tashin Jiragen Ƙasashen Waje.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka, ina neman afuwa da na fito da wannan magana bainar jama'a. Sau biyu na rubuto maka ta gidan waya, ɗaya da Turanci, ɗaya da Hausa. Wata uku ke nan ban ga amsa ba, lokaci kuwa yana neman ƙure mini.

Sunana Isiyaku Garba. Ina karatun digiri na biyu a fannin noma a Greensboro, jihar North Carolina ta Amurka. Shekara biyu ke nan ina haya a gidan wani dattijo Bature mai suna Walter, a unguwar Glenwood. Ni Baba Walta nake ce masa. Lokacin da na iso garin nan, gida huɗu na je neman ɗaki, duk wanda ya buɗe ƙofa ya gan ni sai ya ce an riga an kama. Shi ne ya ce in shigo. Da zazzaɓi ya kwantar da ni a watannin farko, shi ya kai ni asibiti a tsohuwar motarsa, ya zauna a kan benci har aka sallame ni. Ya daina soya naman alade a kaskon da muke amfani da shi tare, ban kuwa roƙe shi ba.

Da zan zo gida hutu, sai ya ba ni dala arba'in da wata 'yar takarda. Ya ce yana saurayi soja ya zauna a Scotland lokacin yaƙin duniya na biyu, can ya sha wata irin wiski da bai sake samu ba, don kantunan giya na nan jihar ba sa kawo ta. Likita ya gaya masa zuciyarsa ta gaji. Yana so ya buɗe kwalba ɗaya ranar da zai cika saba'in da biyar.

Na san abin da mai karatu zai fara tambaya: me ya kai Musulmi sayen giya? Ban taɓa kai ta bakina ba, na kuma san hukuncin mai ɗaukar ta. Kunyar dattijon ce ta rinjaye ni. Wannan laifina ne, tsakanina da Ubangijina, kuma na tuba. Na san idan wasiƙar nan ta fito kawuna zai ji, 'yan'uwan da muke sallar Juma'a tare a nan ma za su ji. Gara a san ni da laifin da na yi, da a bar ni da wanda ban yi ba.

Ga abin da ya faru, ranka ya daɗe.

Na ɗaya. Ranar da zan koma, da yamma, na shiga kantinku na kayan da ba haraji a filin jirgin sama, na miƙa takardar ga ma'aikacinku, wani dogo mai tabarau da furfura a gefen kai. Baba Walta ya riga ya koya mini yadda ake zaɓe. Ya ce kada kyan kwali ya ruɗe ni. In duba shekarun da aka rubuta a jikin kwalba, sha biyu yake so. In tabbata ta gidan sarrafawa ɗaya ce, ba wadda aka gauraya daga wurare daban-daban ba. Ma'aikacinku ko karanta takardar bai gama ba, ya ɗauko mini wata mai kwali ruwan gwal, ya ce ita manya suke saye. Na duba, babu shekaru a jikinta, an kuma rubuta gauraye ce. Na ce ba ita ba. Ya ɗauko wata, na sake cewa ba ita ba. Ya yi tsaki, ya ce ni da ba na sha ina na san bambanci.

Na biyu. Ya ce wadda nake nema ta ƙare. Na nuna masa guda a cikin akwatin gilashin da ke fuskantar masu wucewa, sunanta da shekarunta daidai da takarda. A lokacin an fara kiran jirginmu. Ya buɗe akwatin da makulli, ya ɗauko ta, ya sa a kwali, ya ɗaure a leda. Rasit ɗin da ya ba ni da hannu ya rubuta: kaya ɗaya, sai kuɗi. Babu sunan abin da na saya, babu hatimi. Na karɓa na ruga.

Na uku. An yi bikin a gidan ɗansa Dennis, a Pleasant Garden, ranar Lahadi bayan sun taso daga coci. Wannan ɗa tun farko bai so zamana a gidan mahaifinsa ba, bai kuma taɓa ɓoyewa ba. Muna wajen mutum goma sha biyu a teburi, ni kaɗai ne baƙar fata. Baba Walta ya tashi tsaye da ƙyar, ya gaya wa kowa cewa ɗansa na Afirka ya tsallako teku da abin da ya yi shekara hamsin yana mafarki. Ya murɗa murfin, ya zuba a ƙaramin kofi, ya kai hanci. Na ga fuskarsa ta canza. Ya kurɓa, ya daɗe bai haɗiye ba, sannan ya ajiye kofin ya zauna.

Dennis ya ɗauka ya shinshina, ya ɗanɗana, ya tofar a faranti. Ruwa ne da aka rina. Ya turo kofin gabana ya ce in sha in gaya musu mene ne. Ni kuwa har lokacin zuciyata tana ce mini giya ce, na kasa taɓawa. Wannan ƙin da na yi shi ya gama da ni. Ya ce kowa ya gani, na san abin da na zuba. A gaban matarsa da surukansa ya kira ni ɓarawo, ya ce na shanye ta ubansa na cika kwalbar da shayi. Na buɗe baki Turancina ya gudu. Baba Walta ya kafa idonsa a kan teburi. Babu bas a wannan gari, dole na zauna a bakin baranda har aka gama cin abinci, wani maƙwabcinsu ya rage mini hanya. 

Na huɗu. Washegari na ɗauki kwalbar, wadda Baba Walta ya dawo da ita gida, na hau bas zuwa cikin gari, na shiga wani kantin giya kusa da titin Elm. Mai kantin ya juya ta, ya nuna mini wani ɗan rubutu a gindinta da ni ban taɓa lura da shi ba. Ya ce irin wannan kwalba ta talla ce, kamfani ke aiko ta da ruwa mai launi don a jera a gilashi, ba a sayar da ita. Na koma gida da sauri, a zatona magana ta ƙare. Da Dennis ya zo ya ga rubutun sai ya ce to ai ta fi muni: na roƙi kwalbar talla kyauta, na soke kuɗin tsoho a aljihu. Ya ce in nuna rasit. Na nuna. Ya yi dariya, ya ce wannan ko shi zai iya rubutawa a kicin.

Na mayar wa Baba Walta kuɗinsa, ya ƙi karɓa. Ya ce ya yarda da ni. Amma ranka ya daɗe, na san yadda yake kallona da, na san yadda yake kallona yanzu. Ya daina kirana mu zauna a baranda. Ran nan na ga ya sa makulli a durowar da shekara biyu take a buɗe. Makon jiya aka kwantar da shi a asibiti, Dennis ya karɓi ragamar gidan, ya ba ni zuwa ƙarshen zangon karatu in kwashe kayana. Ya kuma gaya wa ma'aikatan jinya kada a bar ni in shiga, don ni ba dangi ba ne.

Ban ce ma'aikacinku ya yi da gangan ba. Wataƙila bai sani ba, wataƙila haushina ya ji. Allah ne masani. Amma makullin akwatin a hannunsa yake, kuɗina kuma sun shiga kantinku.

Saboda haka ina roƙon abu uku. Ka sa a binciki akwatin gilashin nan, za a tarar kwalbar talla guda ta ɓace tun ƙarshen damina. Ka rubuta takarda da Turanci, a kan takardar kantinku mai hatimi, cewa ku kuka sayar mini da ita a kan cikakken kuɗi bisa kuskure. Adireshina yana cikin wasiƙun da na aiko maka. Sannan ka sa a riƙa rubuta sunan kaya a rasit, a kuma yi wa kwalaben talla alamar da ko mai gaggawa zai gani. Ba na neman kuɗina, ba na neman wata kwalba, ba zan sake ɗaukar ta ba har abada. Ba na kuma neman a kori kowa, mutumin yana da iyali.

Takarda daga gida zuwa nan takan ɗauki mako uku. Wata ma'aikaciyar jinya da ta tausaya mini ta ce idan na kawo, za ta karanta wa Baba Walta da kanta. Ta kuma ce in gaya wa duk wanda zai rubuta kada ya jira wata ya kama, don jikin dattijon ya tsananta.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya albarkaci kasuwarka ta halal, ya tsare ka da ranar da za ka faɗi gaskiya a rasa mai shaida maka.

Wassalam.

Naka,
Isiyaku Garba,
Glenwood, Greensboro.